Ba Rigar Ruwan Da Na Gani Ce Na Kai Gida Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗan okada ne a Rumuokoro, inda ruwan sama ba ya sallama. Na je sayen rigar ruwa, mai shagon ya ɗauko wata mai kauri, ya juye mata ruwan leda a gabana, ko ɗigo bai ratsa ba. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya miƙo min ƙullin leda, wai in buɗe a gida. Washegari na sanya ta, na jiƙe har singileti, wayar da fasinjojina ke kirana ta mutu. Anya ba musanya min ya yi ba? Jama'a, ku ba ni shawara: in kai ƙararsa wajen shugaban kasuwa, ko in sanya masa rigar in sheƙa masa bokiti guda?