Kwamfuta Mai Babbar Ƙwaƙwalwa

A shagon kwamfuta a Bergen, Ingunn mai ɗaukar hoto ta hangi wani dattijo yana shafa wata siririyar kwamfuta.

"Baba, wannan kyau kawai gare ta," in ji ta. "Me za ka yi da ita?"

"Gyaran hoto, 'yata. Tawa da na buɗe hoto sai ta sandare."

"To, mai babbar ƙwaƙwalwa za ka nema. Hotuna nawa ne?"

"Dubu huɗu, tun ranar Talata."

"Kai! Sana'ata za ka ƙwace?"

"Ina! Jika na samu." Ya zaro waya, baki har kunne. "Dubi hancin nan, nawa ne sak!"

Ingunn ta duba, ta tuntsire da dariya.

"Lallai sayi mafi ƙarfi, Baba. Hancin nan zai sha gyara!"