Ruwan Irmiya

A tashar Bunkure, muna jiran motar Kano ta cika, wani dattijo ya dami direba. Wata mata na zaune gefensa.

"Tada mota, malam! Dole in dawo yau, gobe ni ke da ruwan Irmiya."

"Baba, wane Irmiya?" in ji matar.

"Wani yaro ne Kirista, maƙwabcinmu a gona. Ran Juma'a in layin ban ruwa ya zo kanmu muna masallaci, shi ke bin gonakinmu da fartanya yana buɗe mana ruwa. Mu a zatonmu yaranmu ne."

"To yaya kuka gane?"

"Sai da zazzaɓi ya ɗauke shi. Juma'ar farko muka sauko muka tarar tumatir ya yi yaushi. Shi kuwa duk Lahadi yana coci nasa layin ke wucewa, ba wanda ya taɓa leƙa masa. Yanzu muke yi wa 'yan cocinsu, bi da bi. Amma shi bai gani ba."

Matar ta juyo ta dube shi.

"Ni ce yayarsa. Kullum faɗa nake masa, me ya zaunar da shi cikin mutanen da ba su san da shi ba. Gonar na zo sawa a kasuwa."

"Allah ya ba ku haƙuri, 'yata. Ai ita muke fara ba ruwa."

"Gobe ne Lahadin?"

"Gobe."

"Direba, buɗe min ƙofa in sauka."