Maciji a Cikin Rigar Filo

Wa ya fi haƙƙi da dabba, wanda ta tsere wa ko wanda ya tsince ta a bakin mutuwa? Har yau ban sani ba.

A ɗakin jiran likitan dabbobi a garin Duluth na Amurka, wani dattijo ya zauna kusa da wata mata, riƙe da rigar filo a ƙulle tana motsi.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Macijin masara ne, irin na kiwo, ba shi da dafi. Riƙe ki ji."

"Allah ya kiyaye! Naka ne?"

"A bayan firjina na same shi, sanyi ya kusa kashe shi. Mako uku ina ba shi ɗumi da ruwa kafin ya karɓi ɓera."

"Daga ina ya fito?"

"Na wata ɗaliba ne a benenmu. Ta manna takardar cigiya da lambar wayarta, na cire."

"Ka kira ta?"

"Ba zan kira ba! Wadda ta bar murfin akwatinsa a sake ba ta cancance shi ba. Kuma tun rasuwar matata, shi kaɗai ke sa ni tashi da safe."

"Ta haƙura ke nan?"

"Ina fa! Har yanzu tana barbaɗa fulawa a bakin ƙofarta, ko za ta ga sawunsa. Kullum nake tsallakewa."

"Kullum, Baba?"

Sai dattijon ya zaro takardar cigiyar daga aljihu.

"'Yata, riƙe mini shi."

Ta karɓa hannu bibbiyu, shi kuma ya fara danna lambar a wayarsa.