Magunguna Goma Sha Ɗaya a Ƙarƙashin Matashin Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Bahauddeen. Mai girma wakilin hakimi. Malam liman da sauran malamanmu. Shugabar Ƙungiyar Masu Jinyar Dattawa a Gida, Hajiya Ya Gana. Malaman jinya da suka koyar. Iyayenmu mata da suka cika sahun gaba. 'Yan'uwanmu da suka yi sammako daga Gololo da Udubo da Dagauda. Da ku mata ashirin da huɗu da muka taru domin yaye ku: kafin in ce komai, an ɗora mini nauyin wata sanarwa wadda zaman lafiyar wannan taro ya rataya a kanta. Mai jan babur ɗin da aka jingine a ƙofar baya ya tare wa masu shigo da kulolin waina hanya. Ba za mu ambaci suna ba. Za mu sunkuyar da kai gaba ɗaya, ya tashi ya gyara. Madalla. Allah ya saka wa Alhaji da alheri.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma gode wa Hajiya Ya Gana da ta gayyace ni. Na ce mata ni malamin tarihi ne, ban taɓa yi wa ko kaza allura ba, ta nemi likita. Ta ce likitoci sun yi nasu a aji, yau tana son wanda ya ji a jikinsa.

To, ga yadda na ji. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, haifaffiyar Udubo ce, shekarunta tamanin da uku, tana zaune a gidana nan Azare da hawan jininta. Bara jiri ya fara ɗibar ta. Sau biyu muna tarar da ita zaune a ƙasa tsakanin ɗakinta da wurin alwala, in an tambaye ta sai ta ce hutawa take yi. Muka ji tsoron faɗuwa ta uku, wadda za ta zo da karaya, muka ɗauki Zinatu, ɗaya daga cikin waɗanda ƙungiyar nan ta fara yayewa.

Kun san halinmu a ƙasar Katagum. Ba ma zuwa dubiya hannu rabbana, kuma kowannenmu likita ne da bai samu asibiti ba. Wannan ya zo da jiƙo, wancan ya zo da ƙwayar da ta warkar da surukarsa. Inna kuwa Bafulatana ce ta ainihi: ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta kuma sha, domin a wurinta ajiye kyautar mutum kunyata shi ne.

Kwana uku da zuwan Zinatu, ta ɗaga matashin Inna za ta canza zanin gado, ta tarar da magunguna iri goma sha ɗaya. Ta zuba su a langa, ta rufe, ta ce daga yau ba abin da Inna za ta sha sai wanda ke kan katin asibiti, har likita ya ga sauran. A makon ne Kawu, ƙanin Inna, ya iso daga Udubo da kwalbar jiƙon da ya kwana biyu yana haɗawa. Zinatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓa, ta ajiye kusa da langar. Ya ce a kawo kofi. Ta ce, "Kawu, a yi mini haƙuri, sai likita ya gani."

Kawu ya juyo gare ni a hankali ya ce, "Abdulrashid, yaushe ka yi murabus daga mulkin gidanka ba a sanar da mu ba?"

Jama'a, na hau. Na tara duk manyan kalmomin da na tsinta a littattafai na zube mata a gaban baƙi. Na ce karatun wata uku da takarda ɗaya sun cinye mata tarbiyya, kuma ƙarshen mako ta tattara kayanta. Ba ta mayar mini ba. Ta ce ta ji, amma in bar ta gobe ta kai Inna asibiti tare da langar, haka aka koya musu, bayan nan hukunci nawa ne.

Na bi su, don in ga yadda za ta ji kunya. Likita ya jera magungunan a tebur, ya ware kwali uku, kowanne da launinsa da sunansa, ya ce duka ukun maganin hawan jini ne guda ɗaya. Na farko shi ne na kati. Na biyu ƙanwata Suwaiba ta aiko daga Kano. Na uku kuma wani mai ilimi ne ya karanta labarinsa a waya ya sayo a kemis, ga shi tsaye a gabanku. Kullum da safe Inna tana shan ukun, jininta yana sauka har ƙasa ta riƙa juya mata. Likita ya tambaye ta dalili. Ta ce, "Na likita dole ne. Sauran biyun kuma wanne zan bari? Duk ni na haife su."

Mako biyu jirin ya ɗauke. Yau Inna da ƙafarta take zuwa barka da suna, ga ta can a sahu na biyu tana hararata. Jiƙon kuwa likita ya ce a dakata da shi tunda bai san abin da ke ciki ba, sai Kawu ya shanye kayansa, ya ce bai taɓa jin ƙarfi irin na ranar ba. Ni kuma ban kori Zinatu ba, ban kuma ce mata ta zauna ba. Na bar mako ya wuce, kamar yadda magidanta suka saba.

Daga wannan nake roƙon abu uku. Na farko gare ku ne, 'ya'yanmu da ake yayewa: magani ya bi ta hannu ɗaya, a rubuta abin da aka sha da lokacin da aka sha, kuma kada ku ƙara, kada ku rage, sai da bakin likita. Na biyu ma naku ne: "lafiya lau" a bakin tsoho gaisuwa ce, ba rahoto ba. Ku dubi ruwan da ya rage a kofi, ku dubi tuwon da aka dawo da shi, ku dubi takunsa, ku dubi bayan wanda ya daɗe a kwance, ku goge santsin wurin alwala kafin ƙafa ta taka shi. Ku yi duk wannan da sallama da suturtawa, domin waɗannan mutanen su suka yi mana wanka. Na uku namu ne, masu gida. Idan baƙo ya zo da kwalba, mu ya kamata mu ce a dakata. Kada mu bar wa 'yar mutane nauyin ce wa kawunmu a'a, sannan mu zo muna auna tarbiyyarta.

Allah ya sa albarka a hannuwanku. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu masu kula da mu idan namu lokacin ya zo, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Saura magana ɗaya. A gaban mutane na faɗa, a gaban mutane zan janye. Malama Zinatu, ke ce kike da gaskiya, ni na yi kuskure. Ki yafe mini.

Na gode.