Ni Ne Muryar Dodon Ƙauyenmu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya mutu, ya tashi, yana kuma dawowa! Ku amsa da ƙarfi, 'yan'uwa, yau ranar farin cikina ce!

Sunana Bulus, amma tsofaffin da ke nan sun san ni da Ɗanjuma. Manomin doya ne ni, daga wani ƙauye a gindin dutse, tafiyar rabin yini daga nan Gwagwalada. Abin da yawancinku ba ku sani ba, shekara tara ni ne muryar dodon ƙauyenmu.

Baffa Gambo, ƙanen mahaifina, shi ke riƙe da tsafin gidanmu, shi ya koya mini. Akwai wani ƙaho na gora da ake liƙa wa yanar gizo a baki. In na shiga kurmi na yi magana a cikinsa, sai murya ta fito kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Mata su ruga ɗaki, su ja ƙofa. Abin da dattawa suka shirya shi nake faɗa: a kawo burkutu, a kawo akuya. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin yadda ake rawar jiki saboda ni.

Wata shekara ƙyanda ta shigo, ta kwashe mana yara. Mutane suka ce sai an nemo mai hannu a ciki. Baffa ya ja ni gefe ya ce, “Yau sunan Tani za ka kira.” Inna Tani gwauruwa ce, mijinta ya bar mata fadama mai kyau, Baffa kuwa ya daɗe da sa ido a kanta. Na san haka sarai. Amma da la'asar na shiga kurmi, na ɗaga ƙahon, na ce ita ce mayya.

Kashegari aka kore ta. Ta ɗora 'yan kayanta a kafaɗa, ta bi hanya ita kaɗai, ana jifanta da ɓaraguzan ƙasa. Matar da ta goya ni ina jariri! Ina tsaye ina kallo.

Bayan damina biyu na kawo doya kasuwar nan. A gindin wata ɗorawa na tarar da mai bisharanmu, Malam Yohanna, yana wa'azi, gumi na zuba. Yana cewa rana tana zuwa da za a busa ƙaho daga sama, matattu su tashi, Yesu ya zauna shari'a, duk abin da aka yi a ɓoye a tone shi a gaban kowa. Sai ya juyo wajen da nake ya ce, “Ranar nan babu kurmin da zai ɓoye mutum.” Ai kuwa gabana ya faɗi! Na yi dariyar ƙarfin hali, na wuce. Amma maganar ta bi ni har gona.

Ba a yi wata ɗaya ba maƙogwarona ya kumbura. Murya ta ɗauke gaba ɗaya. Ko kunu sai da hawaye nake haɗiyewa. Baffa ya yanka zakara, ya yanka bunsuru, abu sai gaba yake yi. Matata Lami ta ce ba za ta zauna tana kallon gawata ba, ta ɗora ni a jaki ta kawo ni ɗakin shan magani na garin nan. Aka yi mini allura, muka sauka gidan wata 'yar'uwarta kusa da majami'a.

Rana ta uku, da tsakar rana, zazzaɓi ya kwantar da ni, sai na gan ni a wani fili marar iyaka. Mutane maƙil, har kakannina da na binne. Haske a gaba wanda ido ba ya iya kallo, wuta kuma tana ruri a gefe. Ga ƙahon nan rataye a wuyana. 'Yan'uwa, sai ya soma magana da kansa! Duk ƙaryar da na taɓa hurawa a cikinsa yana maimaita ta da muryata, kowa na ji. Wasu baƙaƙen abubuwa suka riƙe ƙafafuna suna ja, suna cewa, “Namu ne, ya yi mana aiki.” Ina so in yi ihu, babu murya.

Ashe Lami ta ga ina shure-shure, ta ruga ta kira mutanen majami'a. Da na buɗe ido na ga Malam Yohanna ya durƙusa, mata uku suna kewaye da ni suna addu'a. Wadda ta riƙe kaina kuwa, wa kuke tsammani? Inna Tani! Nan ta sami mafaka bayan an kore ta, nan ta karɓi Yesu.

Malam ya ce, “Ɗan'uwa, in baki ya ƙi, kira shi a zuciya.” Ya tsawata wa Shaiɗan cikin sunan Yesu, matan suka ɗaga murya. Na ji ana ja na ta ƙasa, ana ja na ta sama. A zuciyata na ce, Yesu, na cancanci wutar nan, amma ka ji tausayina. Nan take wani abu ya fashe a maƙogwarona, na yi ta tofar da mugunya, numfashi ya dawo. Halleluya!

Maganar farko da ta fito daga bakina ita ce, “Inna, ni ne dodon.”

Ta share mini baki da gefen zanenta ta ce, “Ɗana, ai na sani. Ni na goya ka, ko tari ka yi a bayan dutse zan gane. Na yafe maka tun tuni. Shekara biyu ke nan ina kiran sunanka a addu'a.”

Na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Da na sami ƙarfi na koma ƙauye tare da Malam. A dandali, gaban maza da mata, na ɗaga ƙahon na faɗi gaskiya, na jefa shi a wuta. Baffa ya miƙe ya ce, “Ɗanjuma, ka tona asirin kakanni. Ba za ka ga kwana bakwai ba.” Tsoro ya kama ni, ba na musu. Malam ya ce, “Ba da Baffanka muke yaƙi ba. Da Shaiɗan ne, yana hauka don ya san kwanakinsa sun kusa ƙarewa.” Ikilisiyar nan ta ɗauki azumi domina.

Rana ta biyar ina huɗa, na ɗaga garma sai ga kububuwa a naɗe, taku ɗaya daga ƙafata. Na kira sunan Yesu, ta sulale ta shige ciyawa. Rana ta bakwai ta zo ta wuce. Rana ta takwas na ci tuwo malmala uku, na zaga ƙauyen gida gida ina gaisuwa! Mai gari ya tara dattawa, aka mayar wa Inna Tani fadamarta, yanzu mu goma sha ɗaya ke taruwa sujada a ƙofar ɗakinta.

Baffa bai tuba ba tukuna. Amma makon jiya ya amsa gaisuwata, har ya tambayi lafiyar Lami. Ku taya ni addu'a dominsa.

Na gode wa Ubangiji da ya nuna mini shari'a tun ina da sauran numfashin tuba. Kai da ke zaune da abu a ɓoye, kada ka jira a tone shi a ranar ƙarshe. Kawo shi yau, jinin Yesu ya isa, na gani da idona. Ku dogara gare shi, yana zuwa, kuma ba zai yi jinkiri ba. Ku tashi mu yabe shi! Amin!