Saƙon Daddawa Zuwa Bergen

A tashar bas ta Lewisham da ke London wata mata ta ji Hajiya Luba na waya da Hausa, suka gaisa. Sai ta hango sunan Bergen a jikin jakarta.

"Hajiya, har Norway kika je?"

"Yara suka yi mini booking a jirgin ruwan shaƙatawa. Wuni ɗaya ya tsaya a Bergen. Turawa suka hau dutse, suka zaga kasuwar kifi. Ni kuwa da ƙullin daddawa na sauka, saƙon maƙwabciyata zuwa ga ɗanta."

"Ai miƙawa ce kawai."

"Ina fa. Matarsa ta rantse sai na ci tuwo. Kafin a tuƙa, a ci, a kira uwarsa ta ga saƙo ya iso, jirgi na shirin tashi. Da gudu na shiga, ɗankwali a hannu."

"To me kika gani a garin?"

"Labulen falonsu. Jakar ma a cikin jirgi na saya."

Matar ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Za ki koma? Ƙanena yana can."

Hajiya Luba ta yi ajiyar zuciya. "Me za a kai masa?"