Dirar Mai Sauke Ƙwai

A tashar mota, wani mai koyar da wasan karate yana zaune da sandar dogarawa a gefensa, sai ya ga wani dattijon ɗan dako ya diro daga bayan motar kaya riƙe da kiret ɗin ƙwai, ko ƙarar takalminsa ba a ji ba.

"Kai, Baba! Wa ya koya maka dira haka?"

"Ƙwai mana. Shekara talatin ina sauke shi."

"Ni ɗalibaina kullum cikin tsallen kwaɗo suke da tsallen igiya. Akwai mai tashi ya daki abin da ya fi shi tsawo."

"Madalla. Saukowar fa?"

"Saukowa kuma ai ƙasa ce ke jawo mutum."

"A'a, ɗana. Kan yatsu ake sauka, a sassauta gwiwa kamar za a zauna." Dattijon ya dubi sandar. "Kai ma ƙasar ce ta jawo ka?"

Malamin ya shafa gwiwarsa.

"Baba, ina da ɗalibai ashirin, gwiwoyinsu lafiya lau har yanzu. Za ka zo gobe?"

"Zan zo. Kowa ya taho da ƙwansa."